Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Faransa da 'Yan Majalisunta Kan Tsibirin Mayotte

Mai girma Shugaban Jamhuriyar Faransa, Emmanuel Macron,
Masu girma 'yan Majalisar Dokoki da na Majalisar Dattawa,

Ina miƙa muku gaisuwar ban girma, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku.

Ni malamin makaranta ne, haifaffen Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Karatu ne ya kai ni Faransa, aiki kuma ya kawo ni Mayotte, inda nake koyar da lissafi a wata makarantar sakandare ta gwamnati. Ina magana ne da yawun abokan aikina, da iyayen ɗalibanmu waɗanda da yawansu ba za su iya rubuta muku da Faransanci ba, da kuma su ɗaliban kansu. Na rubuta da Hausa domin 'yan'uwana na gida su zama shaida, don mu ma kakanninmu sun zauna ƙarƙashin wannan tuta, kuma daga 1946 zuwa 1958 sunan da dokarku ta bai wa Nijar shi ne yankin Faransa na ƙetare.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne dokar sake gina Mayotte da aka sa wa hannu ranar 11 ga Agusta, 2025. Akwai alheri a cikinta, ba zan ɓoye ba. An ware kuɗi kusan yuro biliyan 4, an kuma amsa a rubuce cewa mutanen tsibirin nan ba sa samun abin da sauran 'yan ƙasa ke samu. Sai dai dokar ta ce sai 2031 za a daidaita albashi da tallafi, sai 2030 kuma za a soke takardar izinin zama ta baƙi, wadda ta kulle mutane a tsibirin don a nan kaɗai take aiki. Mayotte ta zama jihar Faransa ta 101 tun ranar 31 ga Maris, 2011. Ke nan jaririn da aka haifa a ranar sai ya cika shekara ashirin kafin a biya uwarsa abin da ake biyan takwararta a Marseille, in ma an cika alkawarin.

Domin masu karatu da ba su san wurin ba: tsibiri ne a tekun Indiya, tsakanin Madagaska da Mozambik, faɗinsa murabba'in kilomita 374, mutanensa sun haura 320,000 a lissafin hukuma. Kusan dukkansu Musulmi ne, harsunansu Shimaore da Kibushi. Sarki Andriantsoly ne ya miƙa shi ga Faransa a 1841. A watan Disamba na 1974 aka tambayi tsibiran Komoros huɗu ko suna son 'yancin kai. A jimlace kusan kashi 95 cikin ɗari suka ce suna so, amma a Mayotte kusan kashi 64 suka ƙi. Suna da dalilinsu. Tun da aka ɗauke babban birni daga Dzaoudzi ta Mayotte aka kai Moroni, babban birnin Komoros na yanzu, suke ganin za a danne su, har mata irin su Zéna M'Déré suka yi suna wajen korar jami'an Moroni da cakulkuli. Faransa ta ƙirga ƙuri'u tsibiri-tsibiri, ta riƙe Mayotte. Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a 1975 a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu, har da Mayotte, a 1976 kuma Faransa ita kaɗai ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu don kada a taɓa maganar. Mutanen tsibirin suka sake zaɓar Faransa a 1976 da sama da kashi 99, suka zaɓi zama jiha a 2009 da kashi 95.

Ni ɗan Afirka ne, na san matsayin Tarayyar Afirka cewa wannan tsibiri na Komoros ne, kuma zuciyata ba ta taɓa natsuwa da yadda aka raba ƙuri'un 1974 ba. Amma na zauna da mutanen nan, na ci abincinsu, na yi salla a sahunsu, na kuma ga cewa zaɓinsu ba wasa suke yi da shi ba. Ba ni zan yanke musu hukunci ba. Abin da nake faɗa muku shi ne: tun da Faransa ta tsaya tsayin daka a gaban duniya ta ce Mayotte tata ce, to ta ɗauki kayan gaba ɗaya. Tekun da ke kewaye da yankunanku na ƙetare shi ne ya sa Faransa ta zama ta biyu a duniya wajen faɗin ruwan da take iko da shi, sama da murabba'in kilomita miliyan 10. Ba a taɓa cewa wannan ruwa sai 2031 zai zama cikakken na Faransa ba.

Kukanmu na farko shi ne yadda ake aiki da sashe na 73 na kundin tsarin mulki, wanda ya ba da damar a gyara doka don ta dace da halin jihohin ƙetare. Manufarsa mai kyau ce. Amma duk wanda ya zauna a nan zai lura cewa gyaran gefe ɗaya yake karkata. In haƙƙi ne, a ce Mayotte ta jira. In takura ce ko horo, a fara da Mayotte. Mutanen nan sun biya nasu kason tun da wuri. A 2010 aka karɓe ikon shari'a daga hannun alƙalansu na Musulunci, waɗanda shekaru aru-aru su ke ɗaura aure, su raba gado, su sasanta rikicin gona. Aka hana ƙara aure da mace fiye da ɗaya. A 2014 harajin Faransa ya sauka a kansu, har da na gida da na fili, a wurin da dubban iyalai ba su da takardar filin da suka gada. Duk sun haƙura, saboda an ce musu wannan ne kuɗin daidaito. A ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi a Faransa ta Turai yuro 11.88 ne a awa, a Mayotte yuro 8.98. Tallafin da ake bai wa marasa abin hannu rabi ake ba su. Kayan abinci kuwa sun fi na can tsada da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma alƙaluman hukumar ƙididdigarku ne suka ce kashi 77 na mutanen tsibirin suna ƙasa da layin talauci. A gidan da ake da mowa da bora, yara ba sa buƙatar a gaya musu ɗakin da suka fito. A kwanon tuwo suke gani.

Na san wannan ciwo tun kafin in zo nan. Kakana ya yi wa Faransa soja. Ina yaro nakan raka shi karɓar fansho, ya sa babbar rigarsa, ya liƙa lambobinsa a ƙirji, ya dawo da abin da bai kai ya ciyar da gida ba. Dokar 1959 ce ta daskarar da fanshon sojojin da ƙasashensu suka sami 'yanci, yayin da na abokan yaƙinsu Turawa yake ta hawa. Ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da shi da yawancin tsararsa sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa in na ji an ce a jira, nakan fara ƙirga waɗanda ba za su kai ranar ba. Kuma ba Mayotte ce farau ba. Martinik da Gwadalup da Guyan da Reyuniyon, su ma yankunan Faransa na ƙetare, sun zama jihohi ranar 19 ga Maris, 1946, da ƙoƙarin Aimé Césaire da abokansa a majalisa. Mafi ƙarancin albashinsu bai kamo na Faransa ta Turai ba sai 1996, bayan shekara hamsin. A Martinik da Gwadalup aka ci gaba da fesa maganin ƙwarin ayaba mai guba, chlordécone, har 1993, bayan an haramta shi a Faransa tun 1990. Yau sama da kashi 90 na manyan mutanen tsibiran biyu suna ɗauke da shi a jininsu.

Kuka na biyu shi ne ruwa, kuma a nan zan ɗan tsaya, don shi ne muke kwana da shi muke tashi da shi. Kusan gida uku cikin goma ba su da famfo. Gida huɗu cikin goma na kwano ne, irin wanda ake kira banga. A 2023 damina ta gaza, madatsun ruwa biyu na Combani da Dzoumogné suka kusa ƙafewa, aka koma ba da ruwa rana ɗaya, a ɗauke kwana biyu. Fari daga Allah ne, amma madatsa ta uku da aka yi shekaru ana maganarta ba a gina ba, wannan daga mutane ne. Akwai wata yarinya a ajina, mai kaifin kai a lissafi, da ta riƙa zuwa a makare tana gyangyaɗi. Da na tambaye ta, sai ta nuna mini tafin hannunta, duk ya yi kanta saboda hannun jarka. Tun kafin asuba take sauka daga kan tudun unguwarsu zuwa famfon titi mai aiki da kati, ta bi layi, ta hau da jarkoki biyu, ta yi wa ƙannenta wanka, sannan ta sa kayan makaranta. Ran da aka ga 'yan sanda kusa da famfon, babu mai sauka, sai a ɗebi ruwan rafi. A 2024 kwalara ta shigo, sama da mutum 200 suka kamu, kuma wadda ta fara kashewa yarinya ce 'yar shekara uku a Koungou. Ranka ya daɗe, da a ce a wata jiha ta kusa da Paris aka ɗauke ruwa kwana biyu cikin uku na tsawon watanni, da ba a kai mako ba an kira minista gaban majalisa.

Makarantu ma haka. Rabin mutanen tsibirin ba su kai shekara sha takwas ba, azuzuwa ba su isa ba, don haka a firamare da yawa ake karɓa-karɓa, wasu da safe wasu da yamma, dubban yara kuma ba su sami gurbi ba sam. Babban asibiti ɗaya ne a duk tsibirin, kuma nan ne aka fi haihuwa a duk Faransa.

Kuka na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai a matsayina na malami. Kusan rabin mazauna Mayotte baƙi ne a idon doka, akasarinsu daga Anjouan, tsibirin ƙasar Komoros mai nisan kilomita 70 kawai. Yawancin waɗanda suka sami takardar izinin zama, takardar tasu a Mayotte kaɗai take aiki. Mai irinta a Lille zai hau jirgin ƙasa ya tafi Toulouse neman aiki babu mai tambayarsa. Mai ita a nan sai ya nemi biza kafin ya shiga wata jihar ƙasar da ake cewa a cikinta yake. Na ga ɗalibin da aka haifa a nan, ya yi duk karatunsa a makarantunku, ya ci jarrabawar kammala sakandare, wato bakaloriya, da sakamako mai kyau, jami'a ta ba shi gurbi a Faransa ta Turai, amma aka buɗe karatu yana nan yana zaryar neman takarda. Shekara ta wuce. Yanzu yana dako a kasuwa, in ya hango ni sai ya kau da kai saboda kunya, alhali ba shi ya kamata ya ji kunya ba. Gwamnati ta kashe kuɗi shekara goma sha biyar tana ilimantar da shi, sannan ta rufe masa ƙofa a ranar da zai fara amfani.

Maimakon a kwance wannan ƙulli, sai aka ƙara ɗaure shi. A sauran Faransa, yaron da baƙi suka haifa a ƙasar kuma ya girma a cikinta yana zama ɗan ƙasa in ya kai shekarun girma. A 2018 aka ce a Mayotte sai ɗaya daga iyayensa ya yi wata uku da takardar zama kafin haihuwarsa. A watan Mayu na 2025 aka mai da shi iyaye biyu, shekara guda. Sashe na farko na kundin tsarin mulkinku ya ce Jamhuriya ɗaya ce ba ta rabuwa, kowa daidai yake a gaban doka. Yanzu ga dokar zama ɗan ƙasa iri biyu a cikinta. Tallafin jinya da gwamnati ke bai wa marasa takarda a sauran jihohi ba ya aiki a nan. Ana korar sama da mutum 20,000 a shekara, adadin da babu jihar da ta ko kusance shi, ana tsare yara tare da manya, har dokar 2024 da ta hana tsare yara aka ɗage wa Mayotte aiki da ita. A 2020 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta sami Faransa da laifi kan yara biyu, ɗan shekara uku da ɗan shekara biyar, da aka liƙa wa wani babba da ba danginsu ba aka kore su tare. Iyayen da aka kora kan bar 'ya'yansu a baya, ba mai ci da su, ba mai tsawata musu.

Ba zan yi kamar ban ji kukan ɗaya ɓangaren ba. 'Yan asalin Mayotte sun gaji, kuma gajiyarsu gaskiya ce. Ana jifan motocin 'yan makaranta, ana tare hanya da adduna, mutane na kulle kansu a gida tun magariba. Mu malamai mun sha rufe ƙofar aji muna jiran faɗan unguwanni ya lafa a bakin makaranta. Wannan ne ya sa suka datse hanyoyi na makonni a farkon 2024, shi ya sa kuma kusan kashi 59 suka zaɓi Marine Le Pen, 'yar takarar da ke adawa da shigowar baƙi, a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 2022. Amma ku duba abin da masu datse hanyar suka sa a gaba cikin buƙatunsu: a soke takardar zaman da ke aiki a Mayotte kaɗai. Sun gane cewa an bar ƙaramin tsibiri, mafi talauci a ƙasar, yana ɗaukar nauyin da ya kamata jihohi 101 su raba. An kawo jami'an tsaro kimanin 1,800 a samamen Wuambushu na Afrilun 2023, an rushe unguwanni irin su Talus 2, mutanen da aka rushe wa gida suka haura kan tudu suka sake kafa kwano. Tun da aka sa wa 'yan Komoros bizar shiga Mayotte, wadda ake kira bizar Balladur, a Janairun 1995 mutane ke tsallakowa da daddare a ƙananan kwale-kwalen da ake kira kwasa-kwasa, kuma rahoton Majalisar Dattawanku na 2012 ya ƙiyasta waɗanda teku ta cinye tsakanin 7,000 da 10,000. Mutanen nan dangin juna ne, uwa a Anjouan, 'ya a Mamoudzou, babban birnin Mayotte. Biza ba ta hana su zuwa ba, komawa ta hana su.

Sai ranar 14 ga Disamba, 2024, mahaukaciyar guguwar Chido ta sauka da iska mai gudun sama da kilomita 200 a awa, irin wadda ba a gani ba cikin shekara casa'in. Tudun Kawéni, unguwar kwano mafi girma a tsibirin, ya koma fili. Da yawa ba su je mafakar da aka buɗe ba, don sun ɗauka tarko ne na kama marasa takarda. Wannan tsoro ba iska ce ta kawo shi ba, shekarun samame ne suka shuka shi. Wakilin gwamnati a tsibirin ya ce da bakinsa mamatan za su kai ɗaruruwa, watakila dubbai. Daga baya hukuma ta tsaya a kan kimanin 40. Mu Musulmi ba ma kwana da gawa, kuma wanda ba ya cikin rajista yana raye, da wuya ya shiga bayan ya mutu. Da muka koma makaranta na kira suna, akwai kujerun da babu mai amsawa. Wasu sun dawo daga baya, wasu an ce sun koma Anjouan, wasu kuwa har yau babu wanda ya iya gaya mini inda suke. Cikin makonnin nan ne kuma aka fitar da umarnin cewa ba za a sayar wa mutum kwanon rufi ba sai ya nuna katin shaida da takardar shaidar gida, a lokacin da damina ke zuba a kan mata da jarirai.

Ranka ya daɗe, ka zo bayan kwana biyar, ka kwana a tsibirin, wannan kuma mun gani mun yaba. Amma da mutane suka yi maka ihun ƙishirwa, ka ce musu da ba don Faransa ba da sun fi haka shiga uku sau dubu goma. Na san a cikin zafi aka faɗi maganar. Duk da haka ta yi ciwo, har a zukatan waɗanda suka fi kowa son Faransa a nan. Ɗan ƙasa ba a auna shi da maƙwabcin da ya fi shi wahala, da ɗan'uwansa ɗan ƙasa ake auna shi. Kuma ruwan sha ba alfarma ba ce da za a jira godiya a kanta.

Ga abin da muke roƙo, cikin ladabi.

Ku dawo da ranar daidaito kusa. Ku daidaita mafi ƙarancin albashi da tallafin marasa hali da na tsofaffi da na yara yanzu, in kuma akwai abin da dole sai an bi shi mataki-mataki saboda ƙananan 'yan kasuwa, to a rubuta matakin kowace shekara da adadinsa a cikin kasafin kuɗi, gwamnati ta ɗauke wa masu ɗaukar ma'aikata wani kaso na nauyin. Alkawarin da babu kuɗinsa a kasafi, gwamnati mai zuwa za ta iya share shi da layi ɗaya.

Ku soke takardar zaman da ta taƙaita ga Mayotte ba tare da jiran 2030 ba, ku fara da ɗalibai: duk wanda ya ci bakaloriya kuma jami'a ta karɓe shi, a ba shi takardar tafiya kafin a buɗe karatu. Ku mai da dokar zama ɗan ƙasa guda ɗaya a duk faɗin Jamhuriya. Ku daina tsare yara, ku daina korar uwa a bar ɗanta, ku kawo tallafin jinya na marasa takarda, don kwalara ba ta tambayar katin shaida.

Ku faɗi ranar da za a gama madatsa ta uku da masana'antar tace ruwan teku ta Ironi Bé, da adadin azuzuwan da za a gina kowace shekara, a riƙa karanta wa jama'a rahoton inda aka kwana, da Faransanci da Shimaore da Kibushi. A ƙara famfunan titi, a kuma hana kama mutane a bakinsu da bakin asibiti da makaranta.

Ku kafa kwamitin majalisa mai cin gashin kansa ya bi unguwa-unguwa, ya zauna da limamai da masu wankan gawa da shugabannin makarantu, a san adadin waɗanda Chido ta kashe da sunayensu, kuma a ba duk mai ba da shaida tabbacin ba za a kore shi ba.

A ƙarshe, ku zauna da hukumomin Moroni zama na gaskiya. Yarjejeniyar 2019 tsakanin Faransa da Komoros ta yuro miliyan 150 ba ta tsayar da kwasa-kwasa ba. A buɗe halattacciyar hanyar zuwa da komawa don jinya da ziyara da biki da ta'aziyya, a sa jirgin fasinja mai araha tsakanin tsibiran, a tallafa wa asibitoci da makarantun Anjouan ta yadda za a ga aikin da ido, a kuma ƙara jiragen ceto a mashigin tekun. A wannan zama, a bai wa zaɓaɓɓun wakilan Mayotte kujera, kada a yanke komai a bayan idonsu.

Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin lissafi ɗan Damagaram,
a madadin abokan aikinsa da iyayen ɗalibansa, daga Mayotte.